Sugan Umma Ya Sauka

Masu karatu, na ga saƙonninku. Na ga masu cewa na cika jan aji, na kuma ga baiwar Allahn da ta rubuto ta ce in ba na son Mai Taga in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki dakata ki ji abin da ya faru ranar Asabar tukuna, in kin gama ji sai ki gaya min ko har yanzu kina son lambar.

Ga waɗanda yau suka fara bina, bari in sa ku a hanya. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, ina karantar aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, wato mu ne masu ɗibar jininku mu shige da shi ciki ku yi ta jira a benci. A gida kuwa Likita ake ce min. Na yi bayani har bakina ya gaji cewa ni ba likita ba ce, aka ce to, an ji, Likita. Baba ya rasu tun ina sakandare, mu uku ne a gidan: Umma, ni, da Auta ƙanwata mai koyon ɗinki. Sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a gidanmu take zaune ba, amma takalminta ya fi na kowa daɗewa a ƙofar falonmu.

Umma tana da ciwon suga, kuma ya daɗe, har ya kai sai da allurar insulin safe da yamma. Saboda ita ne ma na zaɓi binciken da nake yi na kammala karatu. Bari in faɗa muku shi a taƙaice, don duk masifar daga nan ta taso. Idan suga ya daɗe yana yawa a jini, jiki yakan riƙa yin wani abu kamar tsatsa daga ciki, ya taɓa jijiyoyi da ido da ƙoda. To akwai wasu sinadarai a jikinmu, enzayim ake kiransu, aikinsu share wannan tsatsar. Su kuma ba sa aiki sai da wasu 'yan ma'adanai da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan, irin su zinki da siliniyam da jan ƙarfe. Aikina shi ne in auna waɗannan abubuwa a jinin masu suga, in gwada da na masu lafiya. A yawancin waɗanda na auna, na ga zinki da siliniyam sun yi ƙasa, masu sharar ma sun yi sanyi.

Malamar da ke duba aikina, wata doguwar mata da ba ta dariya sai ranar albashi, kullum tana da magana ɗaya: "Mu aunawa muke yi, ba magani muka samo ba. Ganin abu ya ragu daban, cewa in an ƙara shi za a warke daban." Na ji wannan maganar har na haddace ta, har ina kwaikwayonta a ɗaki ana dariya.

Sai Mai Taga. Da damina ya zo canza mana tagogin falo, da abin awonsa a ƙugu da fensir a bayan kunne. Ya auna taga, ya auna taga, Auta ta ce ita dai ta ga ya fi auna mai kawo masa ruwa, wato ni. Tagar da za a gama a yini ɗaya sai da ta ci mako, kullum akwai ƙusar da ya manta a shago.

Abin da ya kama ni da shi ba farar shaddarsa ba ce, ba kuma motar shagon ba ce. Saurare ne. Duk saurayin da na taɓa yi, da na fara zancen jini sai ya ce, "Kai, mu bar wannan, kin ci abinci?" Shi kuwa sai ya gyara zama ya ce, "To Malama, daga nan sai me?" Ku gaya min, wace mace ce za a yi wa haka zuciyarta ba ta motsa ba?

Wata rana ya turo min saƙo: "Malama, ki yi min bayanin binciken nan da murya mana, in riƙa ji ina aiki. Karatu da ido yana min wuya."

Na zauna a bakin gado na gyara murya kamar mai karanta labarai. Na yi bayanin tsatsa, na yi na masu shara, na zo kan ma'adanai na ce a jinin masu suga na ga sun ragu, kuma in babu su masu sharar ba sa iya aiki. Na tura wannan, da niyyar in ɗora na biyu in faɗi maganar malamarmu. Ina danna wurin ɗauka sai ga amsarsa ta shigo:

"Wallahi na rasa wanne ya fi daɗi, darasin ko muryar."

Na jefar da wayar a kan katifa na rufe fuska da filo. Saƙo na biyu bai taɓa fita ba.

A gida kuwa an riga an gama da ni. Umma ta ce yaro mai hankali, mai gaida mutane har ƙasa. Gwaggo ta kafa min ƙahon zuƙa, duk kiran da za ta yi da shi take farawa da shi take rufewa.

"Ke wai me kike jira ne? Sai ya gama sa wa duk 'yan matan unguwa taga?"

"Gwaggo, in gama binciken tukuna."

"Bincike bincike! Shi binciken zai kai ki asibiti ranar haihuwa?"

A makonnin nan aiki ya sha min kai, na daina zuwa gida ƙarshen mako, ina kwana a ɗakin ɗalibai kusa da asibiti. Amma akwai dokar da na kafa tun da na saya wa Umma na'urar awon suga: kullum da safe, kafin ta sa komai a bakinta, ta huda yatsa ta auna, ta ɗauki hoton lambar ta turo min. Da can lambobin ba sa min daɗi, sha ɗaya, sha uku, wata rana har sha biyar in an yi biki a maƙwabta. Kwatsam sai suka fara sauka. Shida da ɗigo. Bakwai. Bakwai da ɗigo. A ƙarƙashin hoton ta rubuto:

"Likita kin gani ko? Tun da yaron nan ya sa ƙafa a gidan nan komai ke warwarewa."

Ni kuma na ɗauka ta fara jin maganata ce, ta daina satar zuba suga a shayi. Na yi murna, wallahi na yi murna, har na nuna wa ƙawayena hotunan. Kuma wannan murnar ce ta sassauta ni. Da Umma ta ce yayyen Mai Taga mata biyu suna son zuwa gaisuwa ranar Asabar su gan ni, sai na ji bakina ya ce to.

Na iso gida da hantsi. Falon ya canza kamar ba namu ba. An wanke labule an goge, an fito da kofunan gilashin nan na cikin kabad da ba a taɓa su sai in an yi baƙon kunya, tagogin kuwa suna ta walƙiya, da ma kayan surukin ne. Gwaggo tana tsakiyar ɗaki da kasko tana bin kujeru da turare, har da bayan talabijin.

Umma tana kan doguwar kujera, da babban jug na ruwa a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta, na ɗago na kalle ta. Rigar da ke kama ta da can yanzu rataye take a kafaɗunta, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe.

"Umma, kin rame."

"Nauyin ciwo ne ya sauka," ta ce, tana murmushi. "Ke ba ki ga lambobin ba?"

"Ai ramar lafiya ce wannan," in ji Gwaggo. "Ke dai wuce ki shirya, kin tsaya kina duba mutane kamar a asibiti."

Na ga ta tsiyaya ruwa ta shanye, ta sake tsiyayawa. Na ga ta miƙe tana dafa bango ta nufi banɗaki, ta dawo, ba a jima ba ta sake komawa. Duk na gani da idona. Amma hotunan nan sun riga sun zauna min a kai, sai na ce zumuɗin baƙi ne.

A ɗakinmu Auta ta shimfiɗa min rigar da ta ɗinka. Doguwar riga ce ruwan toka mai ɗan sheƙi, ta bi wuyan hannun da zare ruwan gwal, ta haɗa da mayafi marar nauyi. Yarinyar nan hannunta yana da kyau, ban taɓa gaya mata ba don kar kanta ya kumbura. Ta ja min zif, ta ɗaura min ɗankwali, ta ja baya tana kallona.

"Yaya, yau Mai Taga zai manta yadda ake awo."

"Rufe min baki ki sa min ɗan kunne."

Ta sa na dama. Tana danna maƙalin da yatsa sai ta ce "Wash!" ta yarfe hannu.

Aikina ne kallon yatsun mutane, ba na ma sanin ina yi. Na kamo hannun na juya shi. Gefen yatsanta na tsakiya duk 'yan ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, wasu sun warke, wasu sababbi. Na duba na kusa da shi, haka. Na kamo ɗayan hannun, haka.

"Mene ne wannan?"

"Allura ce. Ta ɗinki."

"Allurar ɗinki a tsakiyar yatsa take suka, Auta. Wannan a gefe yake. Kuma an bi yatsun ɗaya bayan ɗaya."

Ni na koya wa Umma haka da bakina: ki huda gefe, ya fi sauƙin zafi, kuma ki riƙa canza yatsa. Auta ta yi tsuru-tsuru, ta kalli ƙofa, ta kalle ni, sai hawaye.

"Umma ce ta ce kar in faɗa miki."

"Kar ki faɗa min me?"

"Jinina ake aunawa. Hotunan da ake turo miki, nawa ne."

Jama'a, kun san yadda mutum yake taka matakalar da babu ita? Haka na ji. Ban san lokacin da na fita ba, da ɗan kunne ɗaya, ba takalmi. Kicin na nufa na buɗe firji. Alluran Umma suna nan a jere a jikin ƙofa, inda na ajiye su da hannuna zuwana na ƙarshe, cike, ko murfin ɗaya ba a cire ba. An ma jera lemon baƙi a gefensu.

Na shiga ɗakin Umma. A gaban madubi, tsakanin man shafawa da kwalbar turare, ga wasu robobi uku masu kyalli, da hoton ganye da rana a jiki. Na ɗaga na karanta. Zinki. Siliniyam. Na ukun haɗin su ne da wasu bitamin. Na kwaso su na fito falo.

"Umma, yaushe rabonki da allura?"

Gwaggo ta tsaya da kasko a hannu. Umma ta kalli robobin, ta kalli Auta da ke raɓe a bayana, ta sauke ajiyar zuciya.

"An ɗan kwana biyu."

"Wa ya ce ki daina? Wane likitan?"

"Ke mana."

"Ni?"

Ta lalubo wayarta a ƙarƙashin filon kujera, ta daɗe tana nema don idon ba ya gani sosai, sannan ta danna. Sai ga muryata ta cika falon. Muryata, da yangar nan ta mai karanta labarai, tana cewa a jinin masu suga ma'adanan nan sun ragu, kuma in babu su masu sharar ba sa iya aiki. Saƙon ya ƙare daidai inda na jefar da waya.

"Kullum sai na saurara," in ji Umma, kuma wallahi fuskarta alfahari ne zalla. "Shi ya turo min. Ya ce, Umma, ji abin da Malama ta gano. Washegari ya zo da waɗannan, ya ce ga abin da ya ragu, a cika. Na ce to tun da 'yata ta gano tushen ciwon, allurar me kuma? Shekara nawa ina huda cikina, Likita? Duk ya zama tabo, babu inda ban soka ba. Na gaji."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Umma, ban gano magani ba! Aunawa kawai nake yi! Waɗannan ba sa sauke suga, ba sa maye gurbin allura!"

"To ai ba ki faɗi haka ba a ciki."

Gaskiya ta faɗa.

"To da kika ga lambar ta hau fa? Don na san ta hau."

"Ta hau," ta ce a hankali. "Na ce ciwon ne yake fita. Kuma na san halinki. Da kin ga lambar za ki ce laifin yaron nan ne, ki kore shi. Ko ki ce bincikenki bai yi ba, ga ki gab da gamawa, ki karaya. Sai na ce bari in ara na Auta kafin nawa ya daidaita."

Ara. Kamar tana maganar mayafi.

Na ɗauko na'urar a kan talabijin na durƙusa a gabanta na kamo hannunta. Yatsun sumul, babu tabo ko ɗaya sabo. Fatar ta bushe, na ɗan tsunkule bayan hannun, ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Na soka, jinin ya fito da ƙyar, na ɗora. Na'urar ta yi ƙirgenta ta gama, ta ƙi ba da lamba. Haruffa biyu kawai ta nuna, waɗanda ke nufin abin ya wuce iyakar da take iya aunawa. A asibiti na sha ganin haruffan nan a kan mutanen da aka shigo da su a kwance.

"Nawa ne?" in ji Umma. Maganarta ta fara ja, kamar mai jin barci. "Auta, nawa ne?"

Ni take kallo tana ce min Auta.

"Tashi, Umma. Asibiti za mu."

"Wane irin asibiti?" Gwaggo ta dire kasko. "Baƙi suna hanya! Ki bari su zo su sha ruwa su tafi, sai a kai ta. Yanzu so kike su tarar da gida a hargitse, su koma su ce gidan masu ciwo ne?"

"Gidan masu ciwo ne, Gwaggo."

"Ke! Ni kike mayar wa magana?"

"Ki yi haƙuri, ki dake ni in mun dawo. Auta, ɗauko mayafinta da katin asibiti."

Ban rufe baki ba sai ga hon ɗin mota a ƙofar gida. Na fita a guje yadda nake. Mai Taga ne tsaye a jikin motar cikin farar shadda da hula, sai ƙamshi yake, yayyensa biyu suna fitowa daga baya da jakunkunan tsaraba. Ya gan ni ya washe baki, sannan ya ga ƙafata ba takalmi, murmushin ya tsaya a rabi.

"Malama, lafiya?"

"Buɗe bayan motar. Umma ce."

Abin da ba zan manta ba, babbar yayarsa, mata mai jiki da gwala-gwalai har gwiwar hannu, ko tambaya ba ta yi ba. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta tuɓe mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta bi ni ciki. Ita ta ɗauki kafaɗun Umma, ni da Auta muka ɗauki ƙafafu. Haka surukaina suka fara ganina, ina kuka, da ɗan kunne ɗaya. Gwaggo tana biye tana cewa, "Sannunku da zuwa, ku yi haƙuri, sannunku da zuwa."

A ɗakin taimakon gaggawa ma'aikatan sun san ni. Wata nas ta kalli rigata ta buɗe baki za ta tsokane ni, ta ga wadda ke kan gadon turawa, ta rufe. Nan da nan aka sa ruwa a hannu biyu, aka ɗebi jini, aka fara insulin. Likitan da ke aiki, wanda kullum nake kai wa sakamako ofis, ya juyo gare ni.

"Yaushe ta yi allura ta ƙarshe?"

Ni da ake turo wa hoto kowace safiya, ni da ake kira Likita, ban sani ba. Sai da Auta ta amsa. Ya kalle ni ta saman gilashinsa, kuma da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Sai bayan la'asar likitan ya fito. Ya ce mun kawo ta a kan gaɓa, da an ƙara yini guda da labarin ya canza. Ta fara gane mutane, amma za a riƙe ta, kuma sai an duba ƙodarta an ga abin da ya taɓu. Na zame na zauna a benci. Yayyen suka yi mana sannu suka tafi da Gwaggo.

Mai Taga bai tafi ba. Yana tsaye a jikin bango, hular a hannu, gaban farar shaddar duk ya yamutse. Ya matso ya tsuguna nesa kaɗan da ni.

"Malama, wallahi tallahi ban ce ta daina allura ba. Ban ma san ta daina ba. Kullum na zo gaisuwa cewa take sauƙi ya samu."

"Wa ya ce ka saya mata?"

"Babu. Na ji kin ce sun ragu. Ni a aikina in na auna na ga abu ya gaza, cikowa nake yi. Na je babban kantin magani na nuna musu sunayen, suka ce ko takardar likita ba a buƙata. Na so in ba ki mamaki ne. Na so ranar da za ki gama karatu ki ga Umma ta warke da abin da kika gano."

"Jikin mutum ba taga ba ne."

"Na gani yau." Ya sunkuyar da kai, ya jujjuya hular. "Amma Malama, me ya sa ba ki gaya min ba magani ba ne? Na saurari saƙon nan ya fi a ƙirga, babu wurin."

Me zan ce masa? In ce maganarka ce ta sa na rufe fuska da filo? Na sunkuya ina kallon ƙafafuna cikin silifas ɗin aro na nas. Haushinsa nake ji har wuya, kuma tausayinsa nake ji, kuma na rasa inda zan ajiye ko ɗaya.

"In tafi ne, ko in tsaya?" ya ce.

Kafin in amsa, Auta ta girgiza robar ruwan da ke hannunta. "Yaya, ruwan ya ƙare."

Ya miƙe da sauri kamar an ba shi kyauta. "Bari in sayo."

Muka rage mu biyu a bencin. Na ciro wayata don in goge hotunan ƙaryar nan, ganinsu ma ba na son yi. Na buɗe na farko, na biyu, ina jan su da yatsa. Shida da ɗigo takwas. Bakwai da ɗigo ɗaya. Bakwai da ɗigo shida. Na safiyar ranar, takwas da ɗigo biyu.

Sai yatsana ya tsaya.

Duk makonnin nan da idon 'yar mai ciwo nake kallon lambobin nan. Ga matar da ta shekara da shekaru da suga, tana kan allura, bakwai da safe abin a yi rawa ne. Amma ba jininta ba ne. Jinin yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, wadda a bincikena irinta nake sa wa a layin masu lafiya. Mai lafiya in ya kwana bai ci komai ba, ko shida ba ya kaiwa. Bakwai kuwa ita ce iyakar da in mutum ya yi ta haye ta muke tura shi wurin likita.

"Auta," na ce, kuma muryar ba tawa ba ce. "In za a auna ki, kin ci abinci?"

"A'a. Umma ta ce kin ce sai kafin a ci komai. Ko shayi ba ta bari in sha."

"Kullum?"

"Kullum."

Na kalle ta da kyau, irin kallon da na kasa yi wa Umma da safe. Rigar jikinta ta sallar bara ce, na san ta, kuma ga sabon ɗinki a gefe inda ta rage faɗinta. Robar da ta shanye ta biyu ce tun zuwanmu. Ta lashi leɓe.

"Kwanan nan ƙishi ke damuna, Yaya. Zafin garin ne ko?"

Na gaya wa kaina na'urar gida tana kuskure. Na gaya wa kaina sai an yi gwaji na sosai a ɗakin gwaje-gwajenmu kafin a ce komai. Duk na san wannan, ni nake gaya wa mutane a benci. Amma hannuna ya riga ya shiga jaka ya lalubo na'urar, wadda ban ma san na taho da ita ba.

"Ba ni hannunki."

Ta miƙo ba musu. Ta ma juya min gefen yatsan da kanta, wanda bai sha suka ba kwanan nan, don ta saba. Har da 'yar dariyarta.

"Yaya, ai Umma tana ciki. Yanzu kuma wa za mu yi wa ƙarya?"

Daga can ƙarshen baranda na hango Mai Taga yana tahowa da sauri, rungume da robobin ruwa har ƙirji. Na goge yatsan Auta da auduga, na soka, jinin ya taso, na ɗora.

Na'urar ta fara ƙirge.